Askin Itatuwan Gida A Kilomita Biyar: Adda Kaɗai Ba Ta Isa Ba

Duk wanda ya saba ratsa lungunan Kilomita Biyar, tun daga bakin kasuwa har zuwa bayan Babban Masallaci, ya san cewa da wuya a sami gidan da babu wani ɗan abu kore a cikinsa. Wani gidan gindin zogale ne a bayan madafa, wani lalle ne a jikin danga, wani lemun tsami ko gwaba kusa da rijiya, wani kuwa shuwaka ce uwargida ta kafa saboda miya. Waɗannan ƙananan itatuwa su ne cefanen ranar da aljihu ya bushe, su ne inuwar yara da rana tsaka, su ne kuma rufin asirin gidan da bai sami halin gina katanga ba.

To, amma idan muka dubi yadda muke kula da su, sai mu ga yawancinmu hanya biyu kawai muka sani. Ko dai a ƙyale itace ya yi ta tafiya yadda ya ga dama, har ya hau kan kwano ya taɓa wayar lantarki, ko kuwa ranar da ya ishi maigida a miƙa wa yaro adda a ce, "Kai, je ka sare mini abin can." Duka biyun asara ce. Na farko ya bar ganye ya tsere sama inda hannu ba ya kai, na biyu ya bar kututture tsattsage wanda ruwa zai kwanta a ciki, gara ta ƙarasa shi. Akwai hanya ta uku, wato aski, kuma ita muke so mu tattauna a wannan wata.

Daminar Bangui ba daminar Kano ba ce

Abu na farko da ya kamata mu gane shi ne, lissafin lokacin da muka gada daga iyaye da kakanni, an yi shi ne a wata ƙasa dabam. A Kano ruwan da ake samu a shekara kimanin milimita 900 ne, a Maraɗi kuwa kimanin 500, kuma kusan duk yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. Can itace yana da dogon rani na hutu, iska busasshiya ce, idan aka datse reshe wurin yakan bushe nan da nan. Shi ya sa manomi a can yake yin sassabe da gyaran shinge da bazara, wajen Afrilu ko Mayu, kafin ruwan shuka.

A nan Bangui ruwan shekara yana kaiwa kimanin milimita 1,500. Yakan soma tun watan Maris, ba ya ɗaukewa sai cikin Nuwamba, kuma ya fi ƙarfi daga Agusta zuwa Oktoba. Ranin namu gajere ne, daga Disamba zuwa Fabrairu. Wannan ya jawo abu biyu. Na ɗaya, itace ba ya hutawa sosai, saboda haka abin da za a aske sau ɗaya a shekara a Katsina, a nan sai an koma masa sau uku ko huɗu. Na biyu, laima ba ta barin rauni ya bushe da wuri, kuma laima ita ce gidan funfuna da sauran ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da ice.

Ke nan wanda ya jira Mayu domin ya yi babban aski, kamar yadda ya ga mahaifinsa na yi, ya riga ya makara da wata uku. Idan kiɗa ya sake, dole rawa ma ta sake. Lokacin babban aski a nan shi ne ƙarshen rani, daga tsakiyar Fabrairu zuwa farkon Maris. A lokacin rauni zai sami 'yan makonni ya bushe, sannan ruwan farko ya zo ya tayar da sabon toho. Da damina kuwa gyaran fuska kawai ake yi, wato rage kan shinge da cire busasshen reshe, shi ma a ranar da gari ya washe, bayan raɓa ta bushe. Daga Agusta zuwa Oktoba a guji yanke babban reshe, sai dai wanda iska ta karya ko wanda ke barazana ga ɗaki.

Me ya sa aski ke ƙara ganye?

Wasu na ganin yanke reshe rage arziki ne. Ga yadda abin yake. A ƙarshen kowane reshe akwai ɗan tsiro mai jan gaba, wanda ke fitar da wani sinadari da masana kimiyyar tsirrai ke kira oksin. Wannan sinadari yana gangarowa ƙasa yana hana idanun da ke jikin reshen buɗewa, tamkar babban wa da ya hana ƙannensa magana. Da zarar an datse kan, sai idanun nan su farka, inda reshe ɗaya yake sai uku ko huɗu su fito. Ita kuwa saiwa tana nan yadda take, abincin da ta saba aikawa can sama sai ta juye shi ga sababbin rassan.

Daga nan ne ƙa'idojin aski suka fito. Ana yanka ne dab da saman ido, a bar kamar faɗin ɗan yatsa, domin guntun da aka bari sama da haka mutuwa zai yi ya ruɓe. Ana zaɓen idon da ke kallon waje, domin inda ido ya kalla can reshe zai nufa. Ana yin yankan a karkace domin ruwa ya zirare. Sannan a yawancin itatuwa ba a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganye a tashi ɗaya, domin ganye shi ne madafar itace. A fara da busassun rassa, sai masu cuta, sai waɗanda ke gogar juna, sai waɗanda suka nufi cikin itacen suka hana iska da haske shiga. Sau da yawa idan an gama da waɗannan, aikin ya ƙare.

Darasi daga Maraɗi

Akwai gidajen da matsalarsu ta fi ta rage kan shinge. Kowa ya san abin da ya sami wannan gari daga Disamba 2013 zuwa cikin 2014, lokacin da dubban iyalai suka kulle ƙofa suka nufi Kamaru da Cadi. Wasu sun dawo bayan 'yan shekaru, wasu sai bayan yarjejeniyar dawo da 'yan gudun hijira da aka sa wa hannu da Kamaru a 2019. Mai dawowa yakan tarar da zogale ya zarce rufin ɗaki, lalle ya zama sarƙaƙƙiya mai ƙaya, lemo ya cika da kauci, wasu itatuwan kuma an sare su an yi makamashi, kututture kaɗai ya rage. Abin da zuciya ke faɗa masa shi ne ya tumɓuke komai ya sake sabon lale. Muna roƙon a dakata, a ji labarin 'yan uwanmu na Maraɗi.

A farkon shekarun 1980 gonakin jihar Maraɗi sun zama fili fetal, iska na kwashe ƙasa, yawancin itatuwan da ake dasawa kuma ba sa kai labari. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki da mishan ta SIM, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace bazara, irin su sabara da kalgo, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tun da daɗewa, kuma saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar da aka bi mai sauƙi ce. A kowane kututture manomi ya zaɓi tsiro mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, ya yanke sauran, ya rage ƙananan rassan gefe, ya kuma riƙa dawowa yana gyarawa. Manoma suka sa wa abin suna sassaben zamani. Bayan fari da yunwar 1984 dabarar ta bazu daga gona zuwa gona, har masu bincike suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. A 2018 aka ba Rinaudo kyautar Right Livelihood a ƙasar Suwidin saboda wannan aiki.

Idan tsohuwar saiwa ta iya haka a ƙasar da ruwanta bai kai rabin namu ba, ina ga nan? Kututturen gwaba ko lalle mai shekara goma sha biyar, in dai yana toho, ya fi sabon dashe nesa ba kusa ba. A zaɓi tsiro uku ko huɗu masu lafiya, a cire sauran. Tsohon shingen da ya sarƙe kuwa, a raba aikinsa shekara uku: bana a cire kashi ɗaya cikin uku na tsofaffin sanduna tun daga gindi, baɗi a cire rabin waɗanda suka rage, shekara ta uku a ƙarasa. Ta haka gida ba zai taɓa zama tsirara ba, shingen kuma ya sabunta gaba ɗaya.

Abu ɗaya ne ba a yi wa aski, wato ciyawar nan mai wari da makiyaya suka laƙaba wa suna Bokasa, wadda ke cika kangaye da bakin hanya. Ita sara ƙara mata ƙarfi yake yi. A tone ta da saiwarta kafin ta yi fure da farkon rani, domin irinta iska ke ɗauka.

Kowane itace da irin askinsa

Zogale shi ya fi kowa son aski, kuma shi ya fi jure shi, har ƙa'idar kashi ɗaya cikin uku ba ta hau kansa ba. Asalinsa daga ƙasar Indiya ne, kuma idan aka bar shi yakan yi mita uku ko huɗu a shekararsa ta farko, ya tafi sama kamar gora da ɗan ganye a ka. Tun yana ƙarami, da ya kai gwiwa ko cinya, a tsinke kansa da farce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya riga ya tsere a datse shi daidai ƙugu ko ƙirji a ƙarshen rani, cikin 'yan makonni zai fito da rassa da yawa inda uwargida za ta tsinka ba tare da tsani ba. Da damina ana iya komawa ɗiban ganye kamar bayan kowane mako shida. Sai dai icensa laushi gare shi, yana shan ruwa, don haka yankan ya zama a karkace sosai. Sandunan da aka sare kada a zubar: wanda ya kai kaurin hannun yaro, in an kafa shi a ƙasa zai kama.

Lalle kuwa, launinsa ya fi yawa a sabon ganye, tsohon reshe ƙaya ya fi yi. A garin Sojat na jihar Rajastan a Indiya, wanda ya shahara a duniya da noman lalle, yanke shi ake yi kusa da ƙasa ya sake fitowa. A gida, inda muke so ya zama shinge kuma, a tsayar da shi daidai kafaɗa. Lallen da za a daka a ajiye ko a kai kasuwa, a yanke shi da rani, a shanya a inuwa inda iska ke ratsawa. Wanda aka yanka a Satumba sau da yawa funfuna yake yi kafin ya bushe.

Shuwaka halinta kusa yake da na zogale. In an bar ta sai ta yi tsawo, ganyen ya ƙanƙance. A datse ta daidai gwiwa ko ƙugu a ƙarshen rani, za ta ba da manyan ganye masu laushi. Haka masu 'yan gindin rogo a bayan gida saboda miyar ngunza, su riƙa ba shi hutu tsakanin tsinka da tsinka, domin rogon da ake yawan tsinke wa kai ba ya yin saiwar kirki.

Lemun tsami da lemun zaƙi su ne akasin zogale, ba sa son yawan taɓawa. A cire busassu, a cire rassan da ke jan ƙasa domin ruwan sama na fantsamo musu cuta daga laka, a kuma cire dogayen tsiron nan da ke miƙewa sama ba ’ya’ya. Idan lemon mai aure ne, duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren a ɓalle shi tun yana ɗanye, in ba haka ba sai uwar ta rinjayi amaryar, a wayi gari lemon ya koma wani iri. Kauci kuwa tsuntsaye ne ke kawo irinsa, kuma saiwarsa na cikin reshen, saboda haka tsinke shi ba ya magani. Sai an yanke reshen da yake kai, a ɗan ƙasa da inda ya kama.

Gwaba tana yin ’ya’ya ne a sabon reshe, don haka ana aske ta bayan an gama cin ’ya’yan, a buɗe tsakiyarta kamar ƙwarya. Mangwaro kuma yana fure ne da rani a ƙarshen rassa, saboda haka shi Fabrairu ba lokacinsa ba ne. Wanda ya sare shi a lokacin ya sare ’ya’yan shekarar. A jira a gama kaɗe shi, sannan a nemi ranar da babu hadari. Furen nan mai ƙaya mai kama da takarda, wanda Faransawa ke kira buganbile, a rage shi bayan furen ya zube.

Masu shingen bini-da-zugu su yi hattara. ’Ya’yansa guba ne, kuma yara na ɗaukarsu kamar gyaɗa, don haka askin da ke rage ’ya’yan alheri ne. A kiyaye ruwansa daga ido. Kowane irin shinge kuma, a bar gindinsa ya fi samansa faɗi. In sama ta fi faɗi sai ta yi wa ƙasa inuwa, ganyen ƙasa ya zube, awaki da kaji su sami ƙofa.

Kayan aiki da yadda ake yanka

Ba sai an sayi kayan Turai ba. Almakashin lambu, wanda a nan aka fi sani da sekatar, ya isa ga reshen da bai wuce kaurin babban yatsa ba. Wanda ya fi haka sai zarto. Mai adda kaɗai ya wasa ta da magagari har ta yi kaifi, sannan ya riƙa sara daga ƙasa zuwa sama, kamar yadda ake koya wa manoman Maraɗi, domin saran sama zuwa ƙasa shi ke tsage reshe ya ɓare ɓawo.

Babban reshe sau uku ake yankarsa. A fara ɗan tsaga shi ta ƙasa, kamar taƙi ɗaya daga jikin itacen. Sannan a yanke shi ta sama, gaba kaɗan da tsagar farko, ya faɗi ba tare da ya ja ɓawo ba. Daga nan a cire guntun da ya rage. A lura da ɗan kumburin nan mai kama da wuyan riga inda reshe ya haɗu da uwa: a yanka a bakinsa, kada a shafe shi, domin daga nan ne sabon ɓawo ke fitowa ya rufe raunin.

Akwai al'adar shafa baƙin mai na mota ko fenti a wurin yanka. Wani masani ɗan Amurka, Alex Shigo, wanda ya yi aiki da hukumar gandun daji ta ƙasarsu, ya tsaga dubban itatuwa da zarto yana duba cikinsu, ya kuma nuna a shekarun 1970 da 1980 cewa shafe-shafen nan ba sa hana ruɓa. Itace da kansa yake gina katanga a ciki ya killace wurin da ya ji ciwo. Baƙin mai kuwa ƙona ɗanyen ɓawo yake yi. Abin da ya fi amfani shi ne tsabtar ƙarfe. Idan an taɓa itace mai cuta, a wanke kayan aiki da ruwan jabel, ma'auni ɗaya cikin ma'auni tara na ruwa, a ɗauraye, a goge, kafin a matsa zuwa na gaba. Reshen da ya kusanci wayar lantarki kuwa, kada a tura yaro. A nemi ma'aikatan ENERCA.

Haƙƙin maƙwabci da na kwata

A unguwa mai cunkoso irin tamu, reshe ba ya sanin iyaka. Rigingimu nawa ne suka kai gaban mai unguwa, waɗanda asalinsu ganye ne da ke zuba a kan kwanon wani ko a rijiyarsa? A dokar Faransa akwai wani ma'auni da ya dace mu ara: itacen da zai wuce mita biyu a dasa shi mita biyu daga iyaka, wanda bai kai haka ba rabin mita. Dokar ta ce wanda reshe ya ƙetaro gidansa yana da ikon ya sa mai itacen ya yanke, amma ba shi zai kai masa adda da kansa ba. Tarbiyyarmu ma haka ta koyar. Mai itace ya riga maƙwabcinsa gani, ya yi sallama ya ce, "Malam, gobe zan rage lemon nan, ko za a kawar da shanya?" Sannan in an tsinki zogale a aika da ƙwarya ɗaya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Sai maganar tarkacen da aka sare. Ba mu manta da ambaliyar Oktoba 2019 ba, lokacin da kogin Ubangi ya tumbatsa ya raba dubban mutanen Bangui da gidajensu. Wancan daga kogi ne, ba mu da iko a kansa. Amma ruwan da ke shigo mana ɗaki a nan Kilomita Biyar, sau da yawa daga kwatar da ta toshe ne, kuma a kwantaccen ruwan nan sauro ke ƙyanƙyasa, ya wuni a cikin duhun shingen da ba a aske ba, da magariba ya fito ya sa wa yaranmu zazzaɓi. Ganyen zogale a ba dabbobi, ɗanyen ganye a tara a rami ya zama taki, sanduna a shanya a yi girki, masu cuta da kauci a ƙone. Ko tsinke ɗaya kada ya shiga kwata.

A ƙarshe muna kira ga iyaye maza da mata, tun Janairu a zagaya gida a dubi kowane itace, a san wanda za a datse, da wanda za a rage, da wanda za a jira. A kira yara su tsaya su gani, a nuna musu ido, a nuna musu wuyan reshe, domin matashin da ya iya wannan aiki ya sami sana'ar da gidaje da ofisoshin garin nan ke biya. Allah ya sa albarka a abin da muka dasa, ya zaunar da unguwarmu da ƙasarmu lafiya, amin.